Batiri a Gurbin Jeren Mma

Tun ina ƙarama na tsani kwanukan mahaifiyata, kuma ba ƙaramar tsana ba. Suna jere a wata doguwar kanta ta katako da ta cinye bango guda a falonta, a gidanmu na unguwar Nima. Manyan kwalla a ƙasa, samiru a kansu saiti-saiti, sai languna masu murfi, sai farantai masu zanen fure da aka jingina suna kallon duk mai shigowa. Can sama kuma tasoshin tagulla ne da ta gada wurin tata uwar. Ni kaɗai ce 'ya mace a ɗakinmu, don haka ni ce baiwarsu. Duk gabatowar salla sai an sauke su kaf, a wanke, a goge, a mayar da kowanne mazauninsa. In na sa shuɗi inda ja yake zama, Mma ba ta faɗa. Tsayawa kawai take yi a bayana har sai na ji tsayuwar a ƙeyata na gyara.

Da wankin salla ne kaɗai da na haƙura. Amma kwanukan nan yawo suke yi kamar ba su da gida. Kowanne akwai ɗigon koren fenti a gindinsa, alamar na Mma ne, kuma babu sunan da za a raɗa, ko aure, ko adu'ar mamaci, ko tarbar alhazai, daga lungunmu har Mamobi, wani lokacin har Kotobabi, da ba za ka ga koren ɗigon nan a wurin ba. Mace za ta yi sallama ta zauna a tabarma, a gaisa, a tambayi yara, a tambayi ciwon baya, a zagi tsadar gawayi, sannan a zo kan abin da ya kawo ta. Mma ta tambayi dangin wa da wa za su zo, ta ɗaga kai ta dubi kanta, ta ce wannan da wannan sun isa. Ni kuma a ɗora mini a ka. A Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, kwanon aro ba ya komawa gida da yunwa. Ya dawo da shinkafa da wake da soyayyen yajin nan shito a gefe, ko masa, ko tuwon zafi da miyar ayoyo, ko naman ragon suna. Mai dawo da shi ta sake zama ta ba da labarin wanda ya zo da wanda ya ƙi zuwa. A lokacin ni maiƙon da zan kankare kawai nake gani.

Na girma, na yi aure, na yi shekaru ina aikin ofis a cikin gari, inda bango fari ne fes, ba a rataya masa komai sai agogo. Idona ya saba da haka har na ɗauka haka duniya ya kamata ta kasance. Da maigidana ya rasu, yara kuma kowa ya kama gabansa, sai na tattaro na dawo wurin Mma, na buɗe ɗan shagon atamfa a Kawukudi. Na tarar gwiwoyinta sun gaji, ga hawan jini. Gidan ma ya gaji. Kwanon rufi yana yoyo, ruwan da babbar gota, kwatar da ta ratsa unguwa, take amayowa da damina ya bar zane a jikin bango har ƙugun mutum. Ga kuma dumso, a ɗauke wuta yadda aka ga dama, a kawo ta lokacin da aka tuna da mu. Wata rana da azahar na shigo na same ta zaune a ƙasa, zani a ƙirji, gumi yana bin wuyanta, tana fifita da murfin samira. Zuciyata ta tafasa. Na rantse a raina uwata ba za ta ƙara yin fifita da murfin kwano ba ina raye.

'Yar ƙanena ce ta zana mana gyaran. Yarinya ce mai kai, ta karanta zanen gine-gine, kuma ba ta cikin masu raina unguwar da ta haife su. Ta ce a ɗaga daɓen falon sama da inda ruwa yake kaiwa, a buɗe tagogi ta inda iska take bi, a ɗora ɗan ɗaki a sama, a shimfiɗa allunan sola a kan rufinsa. Rana ta cika batiri, batiri ya riƙe gida in an ɗauke wuta. Ni batirin da na sani shi ne baƙin nan na mota mai zubar da ruwa yana cin tufafi, wanda ake turawa ƙarƙashin gado. Ta yi dariya ta miƙo mini wayarta. Na ga falo na wasu mutane a wasu ƙasashe, ga wani farin abu siriri manne a bango, sumul, ba waya ko ɗaya a fili, da ɗan koren haske a gefensa. An sa masa kujera a gaba da tukunyar fure.

"Anti, yanzu ba a ɓoye shi," in ji ta. "Shi kansa ado ne. Mutum ya shigo ya gani ya san gidan nan da rana yake rayuwa."

Zane biyu ta kawo mini, kuma wannan shi ne abin da ba na iya ɗora wa kowa. A na farko batirin yana ƙarƙashin matakala, an yi masa ƙofa mai ramukan iska, kantar Mma tana nan inda take, an ma ƙara mata ƙafafu don ruwa. A na biyu batirin yana tsakiyar bangon falo, bangon jere, domin shi ne na bulo mai ƙarfi, kuma rana ba ta dukansa. Yarinyar nan har ta ce ita na farkon ya fi kwanta mata, don kwanukan ma tarihi ne. Na ce mata tarihin da ban gama jin ciwonsa a wuyana ba ke nan. Na sa yatsa a kan na biyu. Ina so a gani. Ina so matan da suka san ni ina yawo da kwalla a ka su shigo su ga abin da na yi wa uwata.

Na sami Mma bayan la'asar tana jan carbi.

"Mma, za mu ɗaga kwanukan nan zuwa ɗakin sama, inda ƙura ba za ta taɓa su ba."

"To masu aro fa?"

"Duk mai so sai a ɗauko mata. Ai ba Makka za a kai su ba, sama ne kawai."

Ta dubi kantar ta daɗe, sannan ta dube ni.

"Ku ne masu ido yanzu. Ku yi abin da ya yi muku kyau."

Na shekara hamsin da wani abu ina jin Hausar matar nan, na san sarai wannan ba amincewa ba ce. Amma amincewa nake nema, don haka ita na ji.

Ba zan yi ƙarya in ce aikin bai yi kyau ba. Ya yi. 'Yar ƙanena ta sa aka shafe bangon da launin jar ƙasa irin ta gidajen arewa, aka zana dagi ƙanana a gefe-gefe, farin batirin ya zauna a tsakiya ɗas. Ranar da aka fara ɗauke wuta bayan an gama, rediyon maƙwabta ya mutu, injin mai niƙa ya yi shiru, fankarmu ko gezau ba ta yi ba. Mma ta ɗaga kai ta dube ta tana juyawa, ta ce, "Ikon Allah." Na ji kamar a ba ni sarauta. Mutane suka yi ta zuwa kallo, samari suna ɗaukar hoto, wani dattijo ya tambaya ko firij ne na Turawa marasa cin abinci. Ni kuwa ina tsaye a gefe ina bayani kamar ni na ƙera shi.

Daga nan dokoki suka fara fitowa daga bakina, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowacce da hujjarta. Ba a son zafi kusa da batiri, don haka kurfotin gawayin da Mma take ɗumama shayi a kai ya koma tsakar gida. Hayaƙi yana ɓata fenti, don haka turaren wuta ya bar falo. Ƙofa a rufe, don ƙuda da ƙura. Tabarma ta tafi, kujeru masu laushi suka zo, irin waɗanda tsohuwa in ta nutse a ciki sai an kama ta ta tashi. Kwanukan kuwa na naɗe su da tsofaffin jaridu na jera a kwalaye, aka hau da su ta wata siririyar matakalar ƙarfe da ko ni sai na riƙe gefe. Wayoyin sola ta ɗakin suke bi, gidanmu kuma gidan haya ne mai yara kamar fari, sai na kulle ɗakin na haɗa mabuɗin da na shagona. Ita kantar aka jingine ta a tsakar gida aka lulluɓe da tamfol.

Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne, aron kwano ba a sa masa rana. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi, gida ya cika da 'yan gaisuwa, a lokacin ake neman kwalla. Mace za ta zo a guje, Mma ta ce mabuɗi yana Kawukudi, sai matar ta koma hannu wofi. Wata ta jira, wata ta aiko mini har shago, ni kuma in ce ina da masu ciniki, a bari sai yamma. Kafin yamma an sami wata dabara. Masu ba da hayar rumfa da kujeru dama suna nan da robobinsu na zuba abinci, waɗanda ake ci a jefar a gota. Na sha gaya wa kaina cewa zamani ne ya zo, ko ban taɓa kantar ba robobin nan za su kashe ta. Wataƙila haka ne. Amma zamani a hankali yake tafiya, ni ce na tura shi ta baya.

Ƙafa ta ɗauke daga falon Mma. Ba gaba aka yi da ita ba, ana gaishe ta ta taga, ana yi mata sannu da jiki. Sai dai babu abin da zai sa mace ta cire takalmi ta tura ƙofar gilashi ta nutse a kujera, alhali tukunyarta tana kan wuta. Kwano ba ya fita, don haka ba ya dawowa. Abincin da Mma take ci ya zama nawa kaɗai, marar gishiri marar mai, yadda likita ya ce. Takan ɗan taɓa ta ture. Na kai ta asibiti aka auna ko'ina aka ce lafiyarta ƙalau, har jinin ma ya sauka. Na dawo ina murna ina cewa sanyin fanka ne.

Wata safiya ta leƙa ta taga ta ga ana kafa rumfa a bakin lungu. Ta tambaye ni na mene ne. Na ce suna ne, 'yar mai koko ce ta haihu.

"Har ta haihu?"

"Ai yau kwana bakwai, Mma."

Ta bar tagar. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "Ranar sunan ita mai jegon, da kwallata aka dafa." Ta koma ta zauna tana fuskantar batirin, don duk kujerun shi na sa suke kallo. Na ga na makara, sai na ɗauki jakata na fita.

Mutum ɗaya ce ba ta daina shigowa ba, aminiyar Mma. Tare suka yi 'yanmatanci, tare suka yi tallan goro a tasha. Ita ta yi wa Mma wankan jego da aka haife ni, ita ta zauna da ni lokacin takabata tana tilasta mini cin abinci. Tana zaune a Mamobi, hayin gota, a ɗaki ɗaya mai rufin kwano. Idonta ya fara yana, amma ƙafarta ta san hanyar gidanmu ba sai an nuna mata ba. Hajiya nake ce mata, ita kuma har gobe ɗiyana take ce mini, da Hausarta ta Zango.

Ranar wata Asabar da hantsi 'yar ƙanena ta kawo abokan aikinta biyu su ɗauki hoton bangon, za su nuna wa wasu masu son irin ginin. Na share, na goge, na sa Mma ta ɗaura sabon zani da ɗankwali. Muna cikin haka Hajiya ta yi sallama. Akwai langa ɗaya ta Mma da ta kwana biyu a wurinta tun kafin a fara gyara, ita ce ta dawo da ita, cike da tuwo da miyar kuɓewa, da zafinta, ta riƙo ta da gefen mayafi. Ta wuce baƙin, ta nufi bangon kai tsaye yadda ta saba yi tun kafin a haife ni, ta ɗaga hannu ta dire langar a kan batirin. Murfin ya goce. Miya ta gangaro a farar fuskarsa, tana yauƙi.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Hajiya! Makauniya ce ke? Wannan kantar kwano ce aka gaya miki?"

Magana zarar bunu ce. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa, ga matar da idonta yake mutuwa a hankali, a gaban yaran da ta yi jika da su. 

"Ei, ɗiyana, yi hankuri," in ji ta. "Ban gani ba kraa, ko kaɗan. Nan ne muke ajiyewa da."

Ta kama bakin mayafinta, mai kyau, na zuwa unguwa, ta fara goge miyar tana laluben inda take.  'Yar ƙanena ta yi sauri ta riƙe ta tana cewa, "Kaka, bari, ba komai, wallahi ba komai." Mma ba ta dube ni ba. Ta miƙa hannu biyu ta ce, "Kawo nan, 'yar'uwa." Ta karɓi langar da zafinta ta ɗora a cinya, a kan sabon zaninta, ta riƙe ta har baƙin suka tafi. Batirin kuwa babu abin da ya same shi. Tsumma mai ɗan ruwa ya gama maganar.

Washegari na ɗauki goro da turmin atamfa na haye gota. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ba ta haƙuri, ina kuka na gaske.

"Tashi, tashi," ta ce. "Yaro da na wanke kashinshi, shi zan riƙe a zuciya? Na yafe duniya da lahira. Yoo, gai da uwanka."

Ta yafe, na yarda ta yafe. Amma daga ranar ita ma ta koma gaisuwar taga. In Mma ta ce ta shigo, sai ta ce ƙafarta da ƙura, kada ta ɓata tayil.

Na so in gyara. Na ce wa Mma zan sa kafinta ya yi sabuwar kanta a ɗaya bangon, ko a mayar da batirin ƙarƙashin matakala yadda aka zana da farko. Ta ce, "Bar shi. Bangon ya yi kyau." Na ba ta mabuɗin ɗakin sama, ta juya shi a hannu ta dubi matakalar, ta dubi gwiwoyinta, ta mayar mini.

Bayan 'yan makonni ta tashe ni da wata magana. Ta ce in sauko mata da kwanukan duka, kada in bar ko cokali. Daɗi ya kama ni. Na rufe shago ranar, na yi ta hawa da sauka har cinyoyina suka yi tsami. Muka baje su a tsakar gida, na ɗebo ruwa da soso, na zauna ina wankewa ina waƙa, ni da na yi rantsuwa tun ina budurwa ba zan ƙara taɓa su ba. Ina miƙa mata tana gogewa. Sai na ji wani ƙaramin sauti, ƙiris-ƙiris. Na waiga. Ta kifa wata samira a cinya, da 'yar wuƙar yankan kuɓewa a hannu, tana kankare koren ɗigon.

"Mma, me kike yi?"

"Abin da kike gani."

"In kin cire alamar yaya za a san naki ne?"

"Shi ya sa nake cirewa."

Ta sa aka dafa shinkafa da wake tukunya guda. Ta zuzzuba a kwanukan, ta faɗa mini gidan da kowanne zai je, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta ce ni zan kai da kaina, ba aike ba, kuma in gaya wa kowacce kyauta ce, kada a dawo da shi. Haka na yi ta zaga lungunan Nima da kwalla a ka, da furfurata, ina tsallake kwata. Duk inda na faɗi saƙon sai fuskar matar gida ta canja. A wurinmu ba a raba jeren mace sai bayan an yi mata adu'ar arba'in. Wata ta riƙe hannuna ta ce in gaya mata gaskiya, me likita ya ce. Mai koko ta fashe da kuka. Ni kuma ina ta rantsuwa cewa Mma lafiyarta ƙalau, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Tasoshin tagulla da ita kanta kantar kuwa, Hajiya aka kai wa, a kan kura.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya shirya shi. Yawancin matan nan ɗaki ɗaya gare su, ba inda za su ajiye kwalla. Da suka ji kantar tana wurin Hajiya, sai wannan ta kai nata ajiya, waccan ta kai nata. Kafin wata ya zagayo jeren ya sake haɗuwa a Mamobi, a ɗakin da ko taga mai kirki babu. Masu aro suka koma can. Mma kuma ta tsiro da sabuwar al'ada. Da ta karya kumallo sai ta yafa mayafi ta ɗauki sanda, ta ce za ta je ta duba jikin Hajiya. Matar da matakala ta gagara, ita ce take ratsa kasuwa, ta bi ta kan siririyar gadar gota, tana hutawa a bakin shagon wannan da na wancan. Ba ta dawowa sai gab da magariba, da ƙafafu a kumbure. Na yi faɗa, na ce zafin ɗakin nan zai tayar mata da jini, na ce za ta faɗa gota wata rana. Ta ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar tata ce. Ta fara cin abinci, ta yi ƙiba kaɗan, a gida kuwa maganarmu ba ta wuce ta magani da ta ruwan wanka. Kullum za ta fita sai ta ce mini ta rufe ƙofa da kyau, ba wanda zai taɓa mini abina.

Ranar da nake son in faɗa, cikin zafin nan na kafin damina ne, wanda ko kare ba ya fita. Tun safe aka ɗauke wuta a duk yankin. Shagona ya zama tanda, babu mai ciniki, sai na rufe da azahar na koma gida. Na tura ƙofar falo, sanyi ya tarbe ni. Fanka tana juyawa, firij yana gurnani a hankali, koren hasken yana nan, bangon ya yi kyau kamar ranar da aka gama shi. Babu kowa. Na zauna a kujerar Mma na dubi abin da take kallo wata da watanni, ban iya minti biyar ba. Duk Nima tana gasuwa, ni kaɗai nake shan iskar da na saya da sunan uwata. Na buɗe firij na ɗauki gorar ruwa mai ƙanƙara na fita.

Tun daga bakin lungun Hajiya na jiyo dariyar Mma. Na tsaya. Dariyar nan mai tuƙewa da tari, wadda take yi har ta dafa wanda yake kusa, rabona da jin ta tun kafin in dawo gida. Takalma sun cika ƙofar ɗakin. Na leƙa ta labule. Mata sun kai takwas a kan tabarma, gwiwa tana gugar gwiwa, turaren wuta yana tashi, gumi yana zuba a jikin kowa. Mma tana tsakiya, ɗankwali ya zame, hannunta ɗaya a cikin masa, ɗayan yana nuna wa wata yarinya kwallar da za ta sauko da ita. Tana gaya mata dangin mijin nan ci gare su, kada ta yarda ta ɗauki ƙarama.

Na yi sallama. Aka amsa, amma dariyar ta yanke. Wata ta janye ƙafa, wata ta gyara zama, Hajiya ta shiga laluben kujerar roba tana karkaɗe ta da mayafi don in zauna. Mma ta ja ɗankwalinta ta rufe kai. Ta dubi fuskata, ta kama sanda tana ƙoƙarin tashi, hankalinta a tashe.

"Lafiya? Wani abu ya sami batirin?"

"Babu abin da ya same shi, Mma."

Ta saki sandar ta koma ta zauna, ta sauke ajiyar zuciya. Sannan ta sake dubana, ba da fushi ba, ba da gatse ba, tsakaninta da Allah tambaya take yi.

"To me ya fito da ke cikin ranar nan?"

Gorar tana hannuna, ƙanƙarar ta narke, ruwan yana ɗiga a kan ƙafata. Duk ɗakin ana jiran amsata.